Tambarin Da Ya Zama Takalmi

Shekarun baya, tun Nasara na mulkin ƙasar nan, na taɓa yin wata sana'a da har yau in na ba jikokina labarinta sai su yi ta dariya. Asalina baduku ne. Rumfata tana bakin kasuwar Agadas, ina ɗinkin jakunkuna da takalma, ina gyara wa 'yan ayari salkunan ruwa kafin su kama hanyar Bilma ɗauko gishiri. Duk shekara ina kallo, sai ayari ya dawo da wasu da suka tafi bisa raƙumi suka komo a ƙasa. Mai garke ba ruwansa. Amma ƙaramin ɗan kasuwa mai raƙumi ɗaya tak, ranar da dabbarsa ta faɗi a hamadar Tenere, ranar ya talauce.

Wani abokina ne ya zo da dabarar. Ya yi zaman Damagaram yana bin wani mai kamyo, wato babbar motar kaya, can ya ga abin da Faransawa ke kira asirans: ka riƙa ba da kaɗan tun mota tana lafiya, in ta ƙone a ba ka wata.

Ya ce, "Mi za ya hana mu yi ma raƙuma haka?"

Na ce, "Ai raƙumi ba shi da takarda."

Ya ce, "Yana da tambari."

Gaskiyarsa ne, kowane gida da irin tambarin da yake ɗana wa raƙumansa a wuya da ƙarfe mai zafi. Sai muka tsara abin. Duk wanda ya shiga, in ya dawo lafiya zai ajiye mana kantun gishiri ɗaya. Mu sayar, mu sayi 'yan raƙuma, mu kai kiwo wurin surukina wajen Ingal. Wanda raƙuminsa ya mutu a hanya kuma, ya yanko fatar wuyan da tambarin yake, ya shanya, ya kawo. In na duba na ga tambarinsa ne, sai ya je ya kama wani. Abokina kullum yana maimaita ƙa'idar kamar mai bitar karatu: babu fata, babu raƙumi.

Shekarun farko abin ya yi kyau, har na fara ji da kaina. Na sayi sabon rawani, ina tafe ana ce mini mai raƙuma. Alhali ni tsoron raƙumi nake ji. Sau ɗaya na taɓa hawa, yana miƙe ƙafafun baya na sauko ta wuyansa a gaban jama'a. Matata ba ta taɓa bari na manta da wannan ba.

Sai wata shekara damina ta yi gardama. Ciyawa ba ta fito ba, raƙuma suka kama hanya a rame. Da ayari ya dawo, fatu suka taru a rumfata har maƙwabtana suka fara ƙorafin wari. Muka yi ta biya, ba wanda muka ce wa ya dawo gobe, har garken ya ƙare. Abin da ya rage taguwa ɗaya ce mai ciki. Abokina ya ce, "Wannan ita ce irinmu, ko hannu kada kowa ya ɗora mata."

Ana haka sai ga wani saurayi ya durƙusa a bakin rumfa. Na san shi, mai raƙumi ɗaya ne, da shi yake ciyar da uwarsa da matarsa da 'ya'ya ƙanana, kuma bai taɓa fashin kawo kantunsa ba. Ya ce raƙuminsa ya faɗi bayan sun baro Fachi.

Abokina ya ce, "Allah shi maida alheri. Ina fatar?"

"Na yanko ta, amma ba ta nan."

"Ta tahi ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Bayan mun yi nisa da mushen, takalmin wani tsoho ya tsinke. Rairayi na cin ƙafarshi, ga shi ba mai sauran fata. Sai na raba ta biyu na yi mishi takalmi fade."

"Ina tsohon?"

"Ya bi masu zuwa kudu saida gishiri."

"Mi sunanshi?"

"Ban tambaya ba. Ko huskarshi ban gani ba, cikin rawani take."

Mutanen da suka taru suka kwashe da dariya. Abokina bai yi ba. Shi ba mugu ba ne, kuma maganar da ya faɗa tana kan hanya. Ya ce in muka biya yau babu fata, baɗi kowa zai sayar da raƙuminsa a Bilma ya dawo mana da labarin tsoho. Kuma in taguwar nan ta fita, asusun ya mutu ke nan.

Na koma gida raina a jagule, na kwashe komai na gaya wa matata tana tankaɗe. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Maigida, shekarun da yaron nan ya yi yana aje muku kantu, wace fata kuka gwada mishi?"

Na ce, "Ba mu gwada mishi komi ba. Yarda ce."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da tankaɗenta, ta bar ni da wannan "to" ɗin. Da safe na aika wa surukina a kawo taguwar, na damƙa wa saurayin akala da hannuna, ina tsaye nesa-nesa don kada ta cije ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ni da tabbacin gaskiya ya faɗa. Na dai ga in na hana shi gidansa zai kwana da yunwa, mu kuwa don irin ranar nan muka ce mutane su yarda da mu.

Abin da abokina ya hango kuwa ya faru. Ya daina zuwa rumfata, in mun haɗu a masallaci sai gaisuwa a tsaitsaye, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Mutane suka janye. 'Yan tsokana in za su wuce sai su ɗaga murya, "Mai raƙuma, ni ma na yi ma wani tsoho takalmi!" Na ninke sabon rawanina na ajiye, na koma ga basilla da zare. Amma ban ce na rufe ba. Duk wanda ya tambaya sai in ce asusu yana nan, raƙuma ne babu. Wasu 'yan ƙalilan suka ce suna tare da ni, ina jin don tausayi.

Da bazara masu kai gishiri kudu suka dawo da hatsi. Wata rana ina ɗinki sai wani tsohon Ba'abzine ya jefo mini takalmi ƙwaya ɗaya.

"Yi mini ɗan'uwan wannan. Dila ta sace ɗayan a zango, ni kau ba ni rabuwa da shi."

Na ɗauka na juya don in auna. Fatar wuyan raƙumi ce, ba a ko jeme ta ba. Ta sha tafiya, amma a gefen da ƙafa ba ta cinye ba ga rabin tambarin saurayin nan. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa kasuwa a guje, ba takalmi a ƙafata, ni da ke ɗinka wa gari takalma, tsohon yana bina yana kiran a tare ɓarawo.

Na isa gidan abokina ina haki, na miƙa masa. Ya juya shi, ya sake juyawa. Can ya ce, "Rabin tambari ne. Rabin raƙumi ya kamata a ba shi." Yana faɗa yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Tsohon kuwa da ya ji abin da fatar nan ta kusa jawo wa saurayin, bai bar zangon da bai ba da labarin ba. Kafin ayari ya sake tashi, waɗanda suka janye sun dawo, har da waɗanda ba su taɓa shiga ba.

Shekara ta zagayo. Muna zaune ni da abokina sai ga saurayin, yana jaye da ɗan raƙumin da taguwar ta haifa, an yaye shi. Ya ɗaure shi a turken rumfata ya ce wa abokina, "Baba, na ji an ce rabi ne haƙƙina. To ga rabinku na maido." Da wannan ɗan raƙumin muka sake kafa garke.

Har yau in na tuna sai in ji daɗi a raina. Na gane ƙa'ida tana da amfani, don ba don taurin kan abokina ba da tun shekarar farko mun watse. Amma mutanen da suka dawo ba su taɓa tambayar yawan raƙumanmu ba. Abin da suka ji shi ne an ba mutum taguwar ƙarshe a ranar da ba shi da abin nunawa.

Ƙa'idar kuwa ba mu soke ta ba, ƙari ɗaya muka yi mata, kuma abokina ne ya kawo shi. Duk mai shiga sai ya gaya masa, "In raƙuminka ya faɗi, yanko fatar da faɗi, yadda ko ka gamu da tsoho za ka rage muna tambari."