Geron da Na Yi Ta Ba Ruwa

Jiya na tarar da jikata tana ta kwarara wa tumatirinta ruwa, sai na tuna da uwar mijina.

A farkon shekarun sittin ne, muna wani ƙauye kusa da Wurma. A damina ɗaya na binne ɗana na fari, ruwa kuma ya ɗauke bayan shuka, aka shiga fari. Na daina zuwa sujada a coci. Kullum sai in ɗauki tulu in yi ta yayyafa wa geron bayan ɗakina ruwa, don na gaji da ganin abu yana mutuwa a hannuna.

Wata safiya Inna, uwar mijin nawa, ta same ni a kai.

"Ɗiyata, aje tulun nan. Gero in ya ji ƙishirwa, ƙasa yake tura saiwa. Ke kuwa kina koya mashi zaman sama."

Na fashe da kuka. "To Inna, ni ma ƙishirwar ce Ubangiji ke ba ni?"

"Ban sani ba. Uku na binne, ban kuma samu amsa ba. Amma a can ƙasan na iske Yesu yana jirana. Ranar Lahadi zan biyo maki."

Da ruwa ya dawo, sai ya zo da iska. Geron gona ya tsaya, nawa ya kwanta. Gaskiya haushinta na ji, amma na bi ta sujada.

Har yau ban samu amsar ba, ga ni kuwa a tsaye. Ku fa, wa ya biyo maku lokacin naku farin?