Muƙamuƙin Ladan Jibo

Duk wanda ya taɓa sa hannu a akushi ɗaya da Ladan Jibo ya san ko ido rufe za a gane shi. Kowace loma sai ka ji ƙas daga gaban kunnensa na dama, kamar an taka busasshen kara. Baƙo kan ɗaga kai ya dubi rufin zaure. Jibo sai ya ce, "Ci tuwonka, baƙo. Ƙyauren bakina ne, bai sha mai ba."

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da izinin faɗin abin da ƴaƴansa ba za su faɗa ba. Ya girme ni, amma a wasan taubasai bawana ne, har yanzu da yake kwance a kabari. Shi kuwa bai taɓa kirana Habu ba. Ɗan Lakol yake ce mini, saboda na zauna lakol, makarantar boko, har na iya gaisuwa da Faransanci kafin malamin ya gaji da ni.

Ladanci gado ne a gidansu, a ƙauyenmu da ke gefen Gangara, kuma shi ne duk abin da Jibo ya mallaka. Gonarsa ciyawa ta fi gero yawa. Wuƙa kuwa bai yarda da ita ba. "Wuƙa ɓata take yi," in ji shi, "haƙori na nan." Da haƙori yake kwance ƙullin igiya, da shi yake gaigayar goriba har ƙwallo ya yi fari, goro kuma kullum a gefe ɗaya yake tauna shi, tun safe har rana ta faɗi.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, kowa ya ji ya ƙara tsawo. Jibo ya ce tunda ƙasa ta zama tamu, kiran sallarmu ma ya kamata dangi su ji shi daga Katsina. Wata azahar ya hau matakalar ƙasa ta masallaci, ya toshe kunne, ya buɗe baki iya buɗewa. Kabbara ta farko ta fita lafiya. Ta biyu ta tsaya a hanya. Muka jira, shiru. Sai ga shi yana saukowa, baki a wangame, yawu na bin gemu, yana nuna mana fuskarsa da yatsa.

Nan fa masana suka taru. Wata tsohuwa ta ce iska ce ta mare shi, a kawo turare. Wanzami ya kafa masa ƙaho a gefen kunne. Wani ya ce a garinsu da takalmi ake marin mai irin wannan, kuma hannun taubashi ya fi albarka. Ni dai cikin ladabi na sunkuya na cire nawa. Jibo ba ya iya magana, amma abin da idonsa ya faɗa mini ba ya rubutuwa. Liman ne ya hana, ya ce a ɗora shi a jaki a kai shi likita a Agye. Ni na ja akala.

Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya taɓa gaban kunnuwansa, ya dunƙule hannu ɗaya ya sa cikin tafin ɗayan. Ya ce haka muƙamuƙi yake zaune a gurbinsa. In an wahalar da gaɓar, aka kuma buɗe baki fiye da ƙima, sai kan ya zame gaba ya kasa komawa. Ya naɗe manyan yatsunsa da tsumma, ya ɗora su kan haƙoran ciki na ƙasa, ya danna ƙasa a hankali, ya tura baya. Ƙas. Baki ya rufe.

Jibo ya motsa haɓa, ya haɗiye yawu. Bai yi godiya ba. Abin da ya fara fita bakinsa shi ne, "Wa ya kira la'asar?"

Na ce, "Sale ɗan maƙeri, ina zato. Yana da murya."

Ya kau da kai.

Majo ya ba shi doka: abinci mai laushi, a bar goriba da ƙashi, a rage goro, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in hamma ta zo a tokare haɓa da hannu. Da ya ji nisan ƙauyenmu, sai ya nuna mini yadda ake mayarwa, ya ce in ya ƙi kada in yi ƙarfi, in kawo shi. Tun daga ranar na ɗauki kaina rabin likita.

A hanyar komawa Jibo ya ga goriba a tallan wata mata. Na tuna masa doka. Ya ce, "Majo ya ce in bari. Bai ce yau ba."

Ba a jima ba muƙamuƙin ya sake goce masa a kasuwar Gangara, wajen hamma, a gaban masu tumaki. Na zo da girman kai, na nannaɗe hannun riga, na manta tsumma. Baki ya koma, ya haɗa da yatsuna.

Na ce, "Ka cije ni, bawa."

Ya ce, "Taubashi ya sa mini hannu a baki cikin kasuwa. So kake in yi maka kirari?"

Amma da abin ya sake kama shi a tsakiyar kira, dariya ta ƙare. Dattawa suka ce ba a barin kiran salla rabi. Liman ya ce zai jira har a gama girbi, in bai daidaita ba Sale ya karɓa.

Washegari Jibo ya same ni a ƙofar gida. Ya zauna ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Sannan ya ce, "Ubana a kan matakalar nan ya tsufa. Ɗan Lakol, sake gaya mini abin da mutumin nan ya ce. Daga farko."

Ya koma fura da kunu da tuwo mai ruwa. Ya samo magogi, irin gwangwanin nan mai huda-huda da tsofaffi marasa haƙori ke goga goro, ya rataya a wuya, shi da haƙoransa a cike. Tsofaffin suka matsa masa wuri a tabarma, suna tambayarsa jikoki. Ya shanye. Da hantsi yakan shiga gonarsa ya yi ta koyon kira da baki rabin buɗe, yana tura muryar daga ƙirji. Da farko kamar mutum a cikin tulu. A hankali ta fara fita, ba ta kai ta da ƙarfi ba, amma ta fi ta da sanyi.

Da aka ɗaure dame, Liman ya ce a gwada. Mutum ɗaya zai tsaya a rijiyar bayan gari, inda Fulani ke shayar da shanu. In ya ji kira, Jibo ya riƙe. A al'adarmu wanda ya fi kowa shekaru a gari ake aikawa shaida, namu kuwa Baba Gambo ne, wanda sai an kama kafaɗarsa yake sanin ana yi masa magana. Kowa ya sani. Babu wanda ya isa ya ce da dattijo kurma ne. Jibo ya dube ni, na dubi ƙasa.

Ya hau, ya kira azahar har ƙarshe, ya sauko da bakinsa a rufe. Muka zauna jiran Baba Gambo, wanda ya taho yana dogara sanda kamar ba shi ake jira ba.

Liman ya sa baki a kunnensa. "Baba, ka ji?"

"Ban ji komi ba," in ji shi. "Ni rabona da jin kiran salla tun uban yaron ga na da rai."

Jibo ya sunkuyar da kai.

"Amma dai ina tsaye na ga Fulanin nan sun saki guga a tsakiyar ja, shanu na jira, sun ɗebi ruwa sun tsuguna alwala. Ban san wa ya gaya musu ba."

Liman ya ce, "Ladan, tada iƙama."

Ya riƙe ladanci har ƙafa ta hana shi hawa, sannan da kansa ya kama hannun Sale ya kai shi gindin matakala.

Allah ya jiƙan Jibo, ya yafe masa, ya yafe mana dariyar da muka yi. Yadda ya tara mu sahu shekara da shekaru, Allah ya sa shi a sahun waɗanda aka kira suka amsa. Amin.