Jan Layin da Ya Kori Anti

Ƙanshin ɗanyar citta da aka shanya a rana ba ya yi mini daɗi. Ko a kasuwar Kafanchan na ji shi, sai in tuna Kirsimetin da Baba ya sayo kamara.

Baba malamin firamare ne a wajen garin Gidan Waya. Kamarar gwanjo ce, amma yana riƙe ta kamar ƙwai. Ranar Kirsimeti bayan sujada a coci ya tara mu a tsakar gida, citta shanye ta ko'ina, ya yi ta ɗaukar mu.

Kun san a gidanmu ba a tsayuwar hoto yadda aka ga dama. Kaka ce a tsakiya kan kujera, 'ya'yanta a bayanta, mu jikoki a ƙasa. Matan da aka auro suna gefe, mafi ƙanƙanta a can ƙarshe. Ƙarshen nan, ta hagu, wurin Anti ne, matar ƙanin Baba, wanda ya rasu da daminar shekarar bayan ciwon kwana uku. Ita ce take yi mini kitso, kuma hannunta bai taɓa sa ni kuka ba.

Da aka wanko hotuna, kowanne da wani jan layi ta hagu, daga sama har ƙasa, kamar harshen wuta. Duk hoton da aka yi na taro, kan Anti ya sauka. A wani ma ya cinye mata rabin fuska.

Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wuta yana bin yarinyan nan. Shi ne ya ci ɗana."

Ba wanda ya furta kalmar maita, amma kowa ya ji ta. Aka daina cin tuwonta. Matan zumuntar coci suka zo addu'a, ba su shiga ɗakinta ba. Ni ma, ranar da ta miƙo mini faten acca, na karɓa na zaga bayan rumbu na zubar. Da na juyo, tana tsaye tana kallona. Har yau kunyar nan ba ta sake ni ba.

Baba bai yarda da maganar ba. Ya sa sabon fim, ya ɗauki bishiyar mangwaro, ya ɗauki bango, ya ɗauki akuya, don a ga ko su ma wuta tana bin su. Dabara ce mai kyau. Sai dai Baba mutum ne da ba ya zubar da ko ƙwayar gishiri. A wurinsa ba a kai fim wanki sai ya cika, ya ce a jira a koma makaranta ya ƙarasa shi da hotunan ɗalibai. Mako uku kamarar tana rataye a ƙusa.

A mako na biyu 'yan'uwan Anti suka zo daga wajen Kagarko, suka ɗaure kayanta a kan babur biyu, suka tafi da ita.

Na bi Baba Kafanchan ranar da ya je karɓar hotunan. Mangwaro da jan layi, bango da jan layi, akuya ma haka. Tsohon mai wankin hoton ya ɗaga fim ɗin sama yana duba shi da hasken ƙofa.

"Ticha, duba nan," in ji shi. "Tabon ya wuce hoto, ya kai har ramukan gefen fim. Abin da ke gaban kamara ba zai kai nan ba. Haske ne yana shiga ta baya."

Ya buɗe murfin bayan kamarar, ya goga yatsa a wajen maɗaurinsa. Ɗan soson da ke tare haske ya ruɓe, ya manne masa a yatsa baƙi ƙirin. Ya ce a liƙa baƙin selotef kafin a sami sabo. Aikin bai kai minti biyar ba. Baba ya zauna kan benci.

Ya kai wa Kaka hoton akuyar. Ta duba, ta mayar masa, ta ce idonta ba ya gani sosai yanzu. Ya hau mota har Kagarko da hotunan a aljihu. Anti ta karɓe shi da ruwa, ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Na gode, Baba. Ni dama na sani." Ba ta dawo ba. Ta rasu a can ina aji uku a sakandare, ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Yanzu hoto ba ya jiran kowa. Ka ɗauka, ka gani nan take, in bai yi ba ka goge. Kwanan baya 'yata ta ɗauke ni da wayarta, ta danna wani abu, sai ga jan layi ya sauko ta gefen fuskata. Ta ce yayi ne, yana sa hoto ya yi kama da na da. Tana dariya ta tambaye ni ko ya yi kyau. Na ce ta cire, ta sa yatsa ɗaya ta cire shi.