Butar Ba Modu Ta Haye Bahar Maliya

A shekarun da dokar hana fita take kora mu gida tun rana ba ta faɗi ba, babu abin da ya rage mana a gidanmu na unguwar Lamisula, a Maiduguri, sai murhun Kaka Yagana, mahaifiyar babanmu. Da an idar da magariba za ta hura gawayi ta ɗora shayi, mu kewaye ta. In ƙarar bindiga ta taso daga nesa sai ta ƙara ɗaga murya, kamar da ita ake gasa.

Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma akwai guda da take buɗewa da cewa, "Ku matso, wannan babu Gizo a ciki, ta ubana ce." Ubanta, Ba Modu, wato Baba Modu a bakin Barebari, ya kama hanyar Makka a ƙasa tana 'yar shekara biyar, daga shi sai sanda da butar ƙarfe. Ya yada zango nan, ya yi ƙodagon noma can, sai da ya ci damina uku kafin ya ga Bahar Maliya. A bakin ruwan, yana jiran jirgin da zai haye da shi, zazzaɓi ya kwantar da shi bai tashi ba. Abokan tafiyarsa ne suka dawo da butar. In ta kawo nan sai ta jawo butar daga bayan tabarma ta shafa, ta ce, "Ni zan haye masa da ita."

Tausayi take ba ni ƙwarai. Filin jirgin garinmu a rufe yake, hanyar mota sai an yi shahada, ga gwiwoyinta sun fara ƙi.

Allah da ikonsa aka buɗe filin, babanmu Bukar kuma ya samo mata kujerar Hajji.

"Damina nawa za mu yi?" in ji ta.

"Iya, awa huɗu ne da ɗan abu daga nan zuwa Jidda," in ji babanmu.

Ta kalle shi sheƙeƙe. "Bukar, tun kana ƙarami kake da ƙarin gishiri."

Shirin ubanta ta yi sak. Ta bi gida-gida tana neman gafara, ta rabar da tukwanenta da akuyarta, ta sa aka daka mata gumbar da za ta kai wata uku. A filin jirgi sikeli ya ƙi gumbar, ta haƙura ta bar mana. Butar kam ta rungume, ba wanda ya isa.

Da hantsi jirginsu ya tashi. Muna komawa gida mamanmu ta ɗora ƙafar saniya. Ba ta gama laushi ba wayar babanmu ta yi ƙara.

"Bukar, ashe ba ƙarya ka yi ba," in ji Kaka. "Na leƙa ta taga na ga ruwan a ƙasa. Na ɗaga butar na ce, Ba, mun haye."

Mamanmu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo a guje. A shekarun nan kuka ne yake tara mutane a layinmu, ranar kuwa murna ce. Da Kaka ta dawo kuma sai da ta bi gida-gida tana roƙon tukwanenta, muna biye da ita muna mata tsiya.

Ina yarinya na ɗauka labarin saurin jirgi ne kawai. Sai da na girma, Kaka ta rasu, butar ta dawo hannuna, na gane cewa duk yammacin nan alkawari take sabuntawa a gabanmu, don kada tsoro ya sa ta janye. Yau in an tambaye ni nisan Maiduguri da Jidda nakan ce awa huɗu da ɗan abu. A raina kuwa na san butar nan shekara saba'in ta yi a hanya, kuma ta isa.