Gayyar da ta ci maigidana

Maigidana tela ne a Tudun Wada. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi bandir ɗin yadi nauyi ba. Daga shago sai masallaci sai gida. Har tsiya nake masa, in ce tafin hannunsa ya fi nawa laushi, ni da nake daka. Sai ya yi dariya ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A ƙarshen shekarun tamanin kaya suka yi tashin gwauron zabi, mutane suka daina ɗinki sai da salla. Tuwon dare ya fara gagararmu. Shi ya sa da damina ta faɗi ya ce zai koma ƙauyensu wajen Dangora ya noma gonar gidansu. Muka tafi da yara. Mahaifinsa ya kira gayya, aka zo da garemani da mai gangar noma.

Ina cikin matan da suka kai fura gona, da idona na gani. 'Yan'uwansa, waɗanda suka tashi da garma a kafaɗa, suna tafiya a kunya kamar wasa. Shi kuwa tun hantsi numfashinsa ke fita da ƙyar. Da mai ganga ya hango shi sai ya matso, ya shiga kiran sunan kakansa, wai manomin da ba a taɓa wucewa ba. Wa zai ajiye garma ana kiran kakansa? Maigidana ya duƙa, bai ɗago ba sai la'asar. Ni haushi ya cika ni, amma matar ɗa ba ta da baki a gonar surukai.

Washegari ya kasa miƙe ƙafa. Cinyoyinsa sun kumbura, sun yi tauri kamar icce. Na gaya wa mahaifiyarsa. Ta ce, "Tsamin jiki ne, 'yar nan. Maganinsa a koma aikin, shi ke warware shi."

Ba mugunta ta yi ba, haka kowa ya sani, kuma a jikin 'ya'yanta manoma gaskiya ne. Ya dafa bango ya tashi, ya koma gona.

Da ya dawo ya kira ni bayan ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, ya nuna mini inda ya yi fitsari. Baƙi ne kamar shayin da ba madara. Aka ce ciwon shawara ne, aka jiƙa masa saiwoyi. Daga nan fitsarin ma ya ɗauke, fuska ta kumbura, amai ya ƙi tsayawa. Sai a lokacin aka nemi mota zuwa asibiti.

Likitan ya tambaye ni sana'arsa, na faɗa. Sai ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce idan naman jiki yana aiki mai tsanani, iska yake zuƙa da yawa yana ƙona abinci, kuma ƙonawar tana barin wani dafi mai cin nama kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki yana da abin da yake kashe dafin. Wanda ya saba aiki, nasa ya ƙaru a hankali, damina bayan damina. Wanda bai saba ba, nasa kaɗan ne, in aka yi masa lodi lokaci guda sai dafin ya rinjaye shi. Naman maigidana ya farfashe, dattinsa ya bi jini ya toshe ƙoda.

Na ce, "Likita, da ya huta fa a rana ta biyun?"

Ya ce dai mu yi ta addu'a. Kafin mako ya zagayo Allah Ya karɓi abinsa.

Wajen zaman makoki ina daga cikin ɗaki ina jin maza suna yabonsa, wai ya nuna shi ɗan gidan noma ne, bai ba da kunya ba. Allah Ya yafe mini, amma ranar na tsani wannan yabo, kuma har yau in na ji gangar noma sai in bar wajen.

Gonar ta yi kyau a shekarar. Ban gama takaba ba surukina ya aiko mana da buhun dawar da aka girbe, ya ce rabon marayu ne. Na daɗe ina kallon buhun ban kwance shi ba. Amma babu komai a gidan. Na surfa, na kai niƙa, na tuƙa, yara suka ci suka ƙoshi. Ni ma na ci.