Wata Bakwai Babu Mai a Tukunyarmu

Ni ne na yi kuskure, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Wata bakwai na hana a sa mai a tukunyar gidana, har 'yata mai shekara uku da rabi ta kusa rasa ganinta.

Ni bakanike ne, tireloli nake gyarawa a wani gareji a bakin hanyar Kano. Karatuna bai wuce firamare ba. Abin ya faro ne daga yayana, direban da ke ɗaukar shanu daga kasuwarmu zuwa kudu. Mutum ne mai son kitse. In ya tsaya gaban mai balangu tozo yake nunawa, in an zuba masa tuwo sai man shanu ya kwanta a kan miyar. Wata ranar kasuwa ana cikin lodi ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, kuma maiƙo ya toshe masa hanyar jini.

Kalmar toshewa kaɗai na riƙe. Na sha buɗe injin da baƙin mai ya daskare a cikinsa kamar kwalta, na san yadda ƙaramar hanya ɗaya ke kashe mota sukutum. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da wannan bawan Allah da nake goge wa yawu. Na koma ina taɓa jijiyar wuyana a ƙarƙashin mota, ina jin kamar abin ya fara taruwa.

Na koma gida a unguwarmu Dogo Nini na ce wa matata daga yau babu mai.

"Har man gyaɗa?"

"Mai ai mai ne."

"To miyar da me zan soya ta?"

"Kada ki soya. Ki tafasa."

Dariya ta yi, ta ɗauka wasa nake. "Maigida, kai da in aka matse rigarka za a cika galan, mu za ka hana?"

Ban yi dariya ba. Na daina sayo nama, na daina sayo ƙwai, na hana ƙuli-ƙuli da gyaɗar miya. Lokacin rani ne, ɗanyen ganye ya yi wuya, muka koma tuwon gero da miyar kuka, sai busasshiyar kuɓewa. A tsakanin nan yarinyar ta yi ƙyanda. Ta tashi a rame, fatarta ta bushe tana fari-fari, na ce ai ƙyandar ce, za ta murmure.

Surukata ta aiko da kwalbar man shanu daga garinsu Nangere, ta ce a riƙa sa wa jikarta a kunu. Na ba maƙwabci. Bayan kwanaki na ga jan zane a gefen kwanon yarinyar. Na shiga ɗakin girki na bincika, na samu 'yar kwalbar manja a bayan buhun gero. A gabanta na tsiyaye shi a rariya.

"So kike ki kwantar da ni kamar yayana?"

"Ba kai na sa wa ba," in ji ta. "Yarinya na sa wa. Dube ta mana."

Ban duba ba. Na ce mata mace mai ɓoye abu a girki ba abin yarda ba ce. Ta wanke hannunta ta shige ɗaki, daga ranar ba ta sake yi mini maganar mai ba.

Yarinyar mai tsalle-tsalle ce, amma sai ta koma da zarar an kira magariba ta nemi jikin bango ta lafe. Ran nan ta yi karo da turmi har goshinta ya kumbura. In an ajiye mata tuwo sai ta kai hannu gefen kwano ta daɓo ƙasa. Na fara tunanin ko iska ce ta shafe ta. Matata ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, a garinsu dundumi ake ce wa wannan, wato rashin gani in duhu ya fara.

Na ce bari in gwada. Na dawo daga masallaci da sauran haske kaɗan a sama, ni ina ganin komai na tsakar gida. Na durƙusa taku biyu a gabanta, na miƙa mata dabino, na yi shiru. Idonta a buɗe yake, yana kallon gefen kafaɗata. Na kira ta a hankali.

"Baba, kana ina?"

Na zauna a ƙasa da dabinon a hannu.

Da safe muka kai ta asibiti. Muka samu wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, Hausarta da karin mutanen Borno. Ta buɗe idon yarinyar da yatsa biyu ta kira ni in gani. Farin idon ya bushe, babu sheƙi, a gefensa akwai wani abu kamar kumfar sabulu da ta kafe. Ta tambayi me take ci. Matata ta sunkuyar da kai. Ni na faɗa da bakina, tun daga faɗuwar yayana har kwalbar da na zubar.

Ta juyo gare ni. "Malam, sana'ar me kake yi?"

"Bakanike ne."

"In mota ta zo maka da baƙin mai, juye shi kake yi ka ce wa direba ya tafi haka?"

"A'a, Sista. Ai injin zai buga."

"To."

Ta jawo kujera ta yi mini bayani, ni kuma zan faɗe shi yadda na gane. Ta ce maiƙo ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke daskarewa in ya huce, kamar kitsen sa da man shanu. 'Yan ƙwayoyin da suka haɗa shi miƙaƙƙu ne kamar rodi, suna jeruwa su matse, shi ya sa yake yin tauri. Shi ne idan babba ya yawaita shekara da shekaru, yake ƙara abin da ke taruwa a bangon hanyar jini. Ƙwayoyin man gyaɗa da na riɗi kuwa suna da lanƙwasa, ba sa jeruwa, shi ya sa suke zama ruwa, kuma sun fi sauƙi ga zuciya. Wanda ta fi tsoro, in ji ta, shi ne man suyar da ake ta maimaitawa har ya yi baƙi.

Sai ta zo kan yarinyar. Akwai sinadaran da jiki ke buƙata waɗanda ba sa narkewa a ruwa, sai a mai. Ɗaya daga ciki shi ne bitamin A, wanda ido ke aiki da shi in haske ya ragu. Yana cikin hanta da ƙwai da man shanu, manja kuma cike yake da abin da jiki ke juyawa ya zama shi. Ko zogale da alayyahu aka ci, in babu ɗan mai a ciki, yawancinsa wucewa yake yi. Ƙyanda ta cinye ɗan abin da jikin yarinyar ya ajiye, ni kuma na rufe hanyar da wani zai shigo. Ga shi cikin yaro ƙarami ne, tuwo zalla ba ya ba shi ƙarfin da zai girma.

Ta ɗauko wani ɗan jan ƙwanso, ta yanke bakinsa da almakashi, ta matse a bakin yarinyar. Ɗigo ɗaya ya taɓa yatsanta, ta nuna mini. Mai ne.

"Ku dawo gobe, sannan bayan sati biyu. Yanzu ciwon a farin ido yake. In ya kai baƙin ido ya yi gyambo, ba ni da abin da zan iya yi muku. Idon hagun nan ban yarda da shi ba."

A hanya na tsaya na sayi manja da man gyaɗa da hanta. Na ajiye a ƙofar ɗakin girki, matata ta ɗauka. Kullum da safe kafin in fita sai in ɗauki yarinyar in kai ta rana in leƙa idon hagu. Wani lokaci in ga kamar hazo a kansa, wani lokaci in ce idona ne. A gareji na ɗaura taya na manta ban ƙarasa ɗaure notuna ba, sai da direban ya lura. In na ga makaho a bakin tasha sai in sauya hanya. Na riƙa lissafa shekarun da za ta yi a duhu idan abin ya ƙi, da ranar da za ta girma ta tambayi yadda aka yi.

A rana ta biyar, bayan magariba, ta taso daga jikin bango, ta kewaye turmi, ta zo ta zare hular kaina. Ban yarda ba sai da sati biyun suka cika, dattijuwar ta duba ta ce baƙin idon ya tsira, duka biyun.

Ko a nan ban iya buɗe baki na ba matata haƙuri ba. Sai da muka dawo gida, matata ta ɗora tukunya tana soya albasa, na je na tsaya a bakin ƙofa. Ta ɗauka wani abu nake nema, ta matsa gefe.

Na ce, "Ke kika ga yarinyar nan, ni kaina kawai nake gani. Kin nemo mata abin da zai cece ta, na zubar, na kuma kira ki marar amana. A asibiti kin rufa mini asiri ban cancanta ba. Tsoro ne ya sa ni, amma tsoron bai wanke ni ba. Don Allah ki yafe mini."