Hannun Inna Kulu a Kan Balarabe

A Dakko, gidan kakata Inna Kulu, ni ne maigida. Haka take kirana tun ban iya ɗaura tazuge ba. In an ci tuwo an hura wutar kara a tsakar gida, gefenta na dama nawa ne, ko kaza ba ta isa ta gitta wurin ba. Ina cikin wannan mulki Kawu Ɗanjuma ya sauka daga Talata Mafara da abubuwa biyu: ɗansa Balarabe, mai riga da guga, da wata ƙaramar kyamarar fim da wani Bature mai aikin madatsar ruwa ya bar masa.

Kyamarar nan ta fi jariri lalura. Wani ake ba ta da hannu kamar agogo. Zaren fim ɗinta guda ɗaya tak ya rage, duk ƙasar Sakkwato kuwa babu inda ake sayarwa. Zafi na lalata shi, don haka Kawu ya naɗe shi da leda ya tura ƙarƙashin randa, ya hana kowa shan ruwa da ƙarfi. Gajere ne kuma, kafin mutumin garinmu ya gama gaisuwa ya ƙare. Kyamarar ba ta ɗaukar murya. Ga ta da son rana kamar ƙadangare.

Kawu ya ce Inna ta yi tatsuniya da hantsi ya ɗauka.

"Da rana?" in ji ta. "So kake ɗiyanga su ɓace kasuwar Maradun? Wanga akwati naka in bai gani da dare, ya tahi asibiti."

Sai aka bi gida-gida aron fitila. Na rantse daren nan har mutanen Damri sun ɗauka gari ya waye, zakarunsu suka fara cara. Kawu ya leƙa ramin kyamara ya ce yaro ɗaya kaɗai zai shiga kusa da ita, kuma farar riga ta fi kama haske. Duk gidan Balarabe ne mai farar riga.

Na dubi Inna, ina jiran ta kare aurenmu.

"Maigida, yi haƙuri," ta ce tana dariya. "Yau na yi sabon miji ɗan birni. Kai tsaya can, ka yi muna wuta."

Haka na koma bayan kyamara ina tura kara, hayaƙi na ba ni uzurin hawaye. Kawu ya danna, abin ya fara ƙara kamar keken ɗinki. Inna ta fuskanci akwatin ta tambaye shi gajiya, da gida, da iyali, da mutanen ƙasarsu. Kawu na ihu, ita tana cewa ba a fara magana da baƙo ba gaisuwa. Rabin zaren can ya tafi.

Sannan ta ɗora hannu a kan Balarabe, ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, "Ga wata ta biyo hayaƙi." Muka ce ta zauna.

Wai wani kwaɗo ne ya ga kullum wata na sauka cikin tafkinsa, dabbobi su taru suna yaba kyansa, shi ko sannu ba a ce masa. Sai ya dinga tsalle yana faɗawa kan watan, yana wargaza shi. Ruwa ya kwanta, wata ya haɗe. Ya sake, ya sake, har cinyoyinsa suka lanƙwashe, muryarsa ta dishe don zagi. Da asuba watan ya yi tafiyarsa don kansa, bai ma san da wani kwaɗo ba. "Shi ya sa har yau yake zaune a tsugune," in ji ta, kuma ni ta kalla.

Zaren ya ƙare tun kwaɗo bai yi tsallen farko ba. Aka aika shi Turai wanki, ya dawo bayan an yi shuka an yi girbi. Da aka haska da majigi, duhu ne baƙi ƙirin, sai farar riga, da haƙoran Balarabe, da hannun Inna yana shafa kansa. Hasken da ya nuna su ma, wutata ce.

Allah ya yi wa Inna rasuwa da daɗewa. Duk duniya babu wani motsinta da ya rage sai wannan hannun, kuma ba a kaina yake ba. Na girma, na yi tumbi, na gane abin da take nufi: mai hassada cinyarsa kawai yake wahalarwa. Na gane sarai. Ganewar dai ba ta rage min komai ba.

Zaren yana gidan Balarabe a Maradun, inda ya koma da zama, yana warin tsami, majigin ya mutu. Balarabe yakan ɗaga zaren a rana ya nuna wa jikokinsa. Sai su ce, "To Alhaji, me take cewa?" Shi kuwa daren nan sandarewa ya yi yana wa kyamara murmushi, ko kalma ɗaya bai ji ba. Dole ya kira ni.

Ina ganin sunansa a waya nakan gyara zama, in bar ta ta yi ta kuka tukuna.